Madafar Tanti Rabi: Kuskus ɗin da maigida ya ci a Libiya, da sauran tambayoyinku

Salamu alaikum masu karatu, ina gajiya, ya zafi. Tunda na ambaci kuskus a gefen magana sati biyu da suka wuce wayata ba ta huta ba, saƙo kan saƙo har da na murya da tsakar dare, don Allah ku bar wannan, ni ma ina da jikoki masu tada ni tun kafin kiran asalatu. Na tsinto kaɗan daga ciki, wadda ba ta ga nata ba ta yi haƙuri.

Tambaya: Tanti ina wuni. Maman Abdul ce daga Tawa. Maigidana ya yi shekara huɗu a Libiya tsakanin Sabha da Turabulus, tunda ya dawo ba ya da zance sai na kuskus ɗin da matar mai gidan da yake wa gadi ke aiko musu ran Juma'a. Na sayo na kwali na bi abin da aka rubuta a baya, ruwan zafi, a rufe minti biyar, ya fito dunƙule-dunƙule kamar tuwon da bai nuna ba. Ya yi loma biyu ya ce alhamdulillahi ya ƙoshi. Wallahi abin ya yi mani ciwo. Mi na yi ba daidai ba?

Amsa: Ɗiyata share hawayenki, ba hannunki ne da laifi ba. Wannan rubutun na bayan kwali an yi shi ne don mai sauri, wanda ya taso daga aiki yana son ya jefa wani abu a ciki ya kwanta. Kuskus na kwali tsakin alkama ne mai tauri, an riga an turara shi sau guda a masana'anta an busar, shi ya sa ruwan zafi kaɗai ke iya tausasa shi. Amma jiƙawa daban, dahuwa daban. Waccan Balarabiya da mijinki ke yabo ba jiƙa shi take ba, turara shi take, kuma ke ƴar Adar ce, kin san turare tun kina ƙarama, ai dambu ne. Wadda ta iya dambun shinkafa da zogale rabin aikin kuskus yana hannunta ba ta sani ba.

Ga yadda nake yi da kilo guda, ki sayi mai matsakaicin ƙwaya wanda aka rubuta moyen a jiki, mai laushin nan na fin ya fi saurin caɓewa a hannun sabon shiga. Ki zube shi a babban tire ko faffaɗar roba, ba kwano mai zurfi ba, don hannu ya samu wurin yawo. Ki zuba mai cokali uku ki murza da tafin hannu biyu kamar mai wanke gero, har kowace ƙwaya ta ɗan yi sheƙi. Sai ki kawo ruwan sanyi kofi guda, wajen kwatan lita, ki riƙa yayyafawa da yatsu kina murzawa, ban ce ki kwarara ba, yayyafi. Ki bar shi minti goma ya sha.

Kafin nan miyarki tana kan wuta tana tafasa a tukunyar ƙasa. Madambacin ya hau bisa, kuma ki tabbata ruwan miyar bai taɓa gindinsa ba, in ya taɓa to kin yi fate. Mahaɗar tukunya da madambaci ki naɗe ta da tsumma mai tsabta da kika jiƙa, wasu har ƙullun fulawa suke shafa wa tsumman, don duk tururin da ya tsere ta gefe asara ne. Ki zuba kuskus ɗin a hankali, kada ki danna shi, kada ki daddale shi da bayan cokali. Sai kin ga tururi ya keto ta sama sannan ki fara ƙirga, minti goma sha biyar zuwa ashirin. Ni ba na rufewa da marfi saboda ruwan da ke taruwa a cikin marfin yana ɗigowa ya yi miki ƙulalai.

Ki juye a tire, zai fito kamar curi guda, kada gabanki ya faɗi haka yake. Ki warware da cokalin katako ya ɗan sha iska, ki barbaɗa gishiri cokali guda, ki kawo ruwan sanyi kofi biyu ki riƙa yayyafawa kaɗan-kaɗan kina ɗagawa kina murzawa, da zafi-zafinsa, yatsu za su yi ja amma ruwan sanyin na taimakawa. A nan ne za ki ga abin mamaki, yana shanye ruwan yana kumbura a gabanki. Minti goma ya huta, ya koma madambaci karo na biyu. Ki sake juyewa, ki sake yayyafa kofi guda ko ɗan fiye, ki ɗanɗana, ya koma karo na uku. Jimilla kilo guda yana shan abin da ya kusa lita guda ta ruwa, amma a kashi uku, ba a tashi guda ba, sirrin ke nan duka. Da kin sauke na ƙarshe ki jefa man shanu cokali biyu ki cuɗe. Zai ninka fiye da biyu, ya yi wara-wara, in kin damƙa a hannu ya haɗu in kin saki ya watse.

To saura abin da nake zargin shi ne ainihin abin da maigida ke kewa. Na Libiya jan miya gare shi, tumatirin gwangwani da barkono da kurkum, kuma ba sa kawo kuskus ɗin fari fat, suna ɗiban romon miyar su cuɗe shi da shi har ya yi ja-ja, da ɗan garin kirfa da kanumfari. Sannan a sama su lulluɓe shi da albasa mai yawa da aka yanka zobe-zobe aka dafa ta yi laushi tare da waken nan nasu da muke ce wa puwa-shish a kasuwa, suna kiran wannan haɗin busla. Ku da albasar Galmi ke kwance a ƙofar gidanku buhu-buhu ai ba ku da uzuri. Ki yi masa ran Juma'a bayan an sauko masallaci, kada ki ce masa komai, ki aje ki koma gefe ki ga ko loma biyu zai yi.

Tambaya: Tanti barka da aiki. Zali ce daga Yamai, unguwar Bukoki. Na ga wani yaji a babban kanti an rubuta ras el hanout, ɗan kwalba kamar yatsa amma kuɗinsa ya kusa na kilon nama. Wai dole sai da shi? Mi ke ciki?

Amsa: Ƙanwata mayar da kuɗinki jaka. Sunan da Larabci yana nufin kan shago, wato mafi kyawun abin da mai sayar da yaji ke da shi ya haɗa wuri guda, kuma ba shi da ƙa'ida guda, kowane mai shago a Fas ko Marrakesh, can Maroko, da nasa haɗin, wani kala goma wani ya haura ashirin. Tunda haka ne ke ma kina da shago, Katako da Wadata da Babbar Kasuwa duk naki ne. Yawancin abin da ke cikin kwalbar nan kakarki ta san shi: citta, kirfa, kanumfari, masoro, kurkum, gyaɗar ƙamshi. Abin da za ki ƙara nema biyu ne, kamun da ƙwayar kusbara, in mai tebur bai gane ba ki ce masa kuman da koriyandar zai miƙo miki.

Ni nawa haɗin, busasshiyar citta cokali biyu, kurkum biyu, kamun biyu, kusbara biyu, kirfa guda, masoro guda, garin tattasai ɗan Diffa biyu, kanumfari ƙwaya shida kawai, gyaɗar ƙamshi rabin ƙwallo. Masu ƙwaya ki ɗan gasa su a busasshen kasko minti biyu har ƙamshi ya tashi, ki daka ki tankaɗe ki zuba a kwalba mai marfi, nesa da rana. Kanumfarin nan ki ji tsoronsa. Na taɓa sakin hannu da shi ranar da surukaina suka zo, miyar ta koma kamar maganin ciwon haƙori, har yau ƙanwar maigida in ta so tsokanata sai ta tambaye ni ko akwai sauran miyar asibiti.

Amma bari in faɗa miki gaskiya, matan Maroko da yawa in za su yi kuskus na Juma'a ba sa ma taɓa ras el hanout ɗin. Citta, kurkum, masoro, gishiri, ɗan za'afaran ga mai hali, da ƙullin ganyen fasili da na kusbara a ɗaure da zare a jefa a tukunya a cire daga baya, shi ke nan. Abin da ke ba miyarsu wannan ƙamshin da ba ki iya gane daga ina yake shi ne smen, man shanu ne da aka sa wa gishiri aka aje ya daɗe har ya yi ƙarfi. Man shanunmu na Fulani da ya ɗan jima a kwalba ya fi komai kusa da shi, rabin cokali a miya ya isa. Kuma daddawa da kimba ki bar su a ma'ajiyarsu yau, ina son su amma ba gidansu ba ne nan. Dunƙulen magi kuma ba zan yi faɗa da kowa ba, sai dai in naman rago ne mai ƙashi kika dafa a hankali ba za ki neme shi ba.

Masu son yaji mai zafi, wannan aikin ƴan Tunusiya ne, su ke da harisa. Busasshen jan barkono da tattasai a cire ƴaƴan a jiƙa a ruwan zafi rabin awa, a daka da tafarnuwa da gishiri da kusbara da karwiya in an samu, a kwaɓa da man zaitun. Har UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa ta cikin kayan gadon duniya a 2022. A tebur ake damawa da ɗan romo kowa ya zuba gwargwadon ƙarfinsa, ba a tukunya ba, saboda yara. Ki yi kaɗan ki sa a firigo da mai a samanta, da wutar nan tamu mai zuwa tana tafiya ban ba ki shawarar ki yi na wata guda ba.

Tambaya: Gaisuwa Tanti. Ni ɗalibi ne a jami'ar Abdu Mumuni, ɗaki guda muke mu uku, gaz ƙarami guda, tukunya guda. Ba mu da madambaci. Mu haƙura ke nan?

Amsa: Ɗana ba ku haƙura ba. In kuna da gwagwar ƙarfe ta tace taliya ku shimfiɗa mata farin ƙyalle mai tsabta ku ɗora a bakin tukunya, ta zama madambaci. Ta roba kam a'a. In ita ma babu to ku yi na jiƙawar amma ku yi shi da hankali: kofi guda na kuskus, kofi guda na ruwa, kada ku ƙara ko ɗigo, ku fara murje shi da mai da gishiri tukuna, kuma maimakon ruwa zalla ku ɗebi romon miyar yana tafasa ku zuba, ku rufe minti biyar zuwa bakwai, ku warware da cokali mai yatsu. Ba zai kai na turare ba, ba zan yi maka ƙarya ba, amma ya fi taliya da sardin ɗin da na san kuna ci kullum. Ka gaida abokan ɗakin, kuma wanda bai yanka albasa ba shi ke wanke tukunya.

Tambaya: Tanti ni matsalata miyar ce. Kabewa da kurjet suna narkewa su ɓace, karoti kuma yana nan da ƙarfinsa, ga miyar ta yi kauri kamar ta shinkafa. Hajiya Mariyama, Yantala.

Amsa: Hajiya kin zuba su lokaci guda ne, na sani ba sai kin faɗa ba. Miyar kuskus romo ce, ruwa-ruwa, don ƙwayar ta sha, ba a soya ta ta ƙafe kamar jar miyarmu. Nama kilo guda manyan yanka, albasa biyu, tumatir uku da aka goge, mai da kayan yaji, ki juya su minti goma, ki zuba ruwa lita biyu da rabi da puwa-shish ɗin da kika jiƙa tun daren jiya. In kin manta ba ki jiƙa ba kada ki sa, ba zai nuna ba ko kin ƙarar da gaz ɗin unguwa, gara ki ɗauko gujiya dafaffiya, na gwada kuma ta zauna daram.

Dabarar ita ce ki haɗa zubin kayan lambu da turaren kuskus. Turare na farko nama da wake kaɗai ke ƙasa. Da za ki mayar na biyu sai karoti da nabe da shu, wato kabeji, su shiga. Na uku sai kurjet da kabewa, su minti goma sha biyar zuwa ashirin ya ishe su. Kuma ki yanka su manya, karoti a tsaga biyu a tsaye, shu a raba huɗu da gindinsa don kada ya watse, kabewa kamar tafin hannu da ɓawonta. Ni kabewar ma a ƴar tukunya daban nake dafa ta da ludayi biyu na romon, don in ta fashe a babbar tukunya ita ke kaurara miya. Wannan shi ne wanda ƴan Kazablanka suka yi suna da shi, mai kayan lambu bakwai, amma ba wanda zai zo gidanki ya ƙirga, lokacin sanyi da kayan lambu ke arha a bakin gulbi ki cika, lokacin zafi huɗu ma sun isa. A birnin Aljer har farar miya suke yi ba tumatir sam, kaza da nabe da kurjet da ɗan kirfa.

Wajen zubawa ki tara kuskus a babban tire kamar tudu, ki yi rami a tsakiya nama ya zauna, kayan lambu su jeru a kai, ki zuba romo ludayi uku ko huɗu ki bar shi minti biyu ya sha, sauran romon a kwano a gefe. In baƙi ne na kunya ki ƙara musu tfaya ta ƴan Maroko: albasa kilo guda a yanka siri-siri, man shanu, kirfa, citta, ludayin romo, wuta ƙasa-ƙasa kusan awa guda har ta yi launin zuma, sai zabibi da sukari ko zuma cokali biyu. Da farko na ce mi ya haɗa nama da zaƙi, yanzu ni ke kankare tukunyar. In zabibi ya yi tsada ki yayyanka dabino, wannan ƙarin nawa ne ba nasu ba.

Af, kifi ma ana yi, mutanen Safakis da tsibirin Jarba a Tunusiya sun fi kowa. Giwan ruwa na gulbinmu ya dace ƙwarai don namansa ba ya saurin watsewa, ƴan Tawa kuma ga kifin Tabalak. Minti goma sha biyar na ƙarshe ake sa shi, kamun ya ɗan fi yawa.

Tambaya: Likita ya ce in rage shinkafa saboda sukari, wata ta ce in koma kuskus. Gaskiya ne? Inna Hasiya, Tawa.

Amsa: Inna ba gaskiya ba ne. Kuskus alkama ce da aka cire wa dusa, ɗan uwan makaroni ne, yana ɗaga sukari shi ma. In za ki ci ki ɗiba kaɗan ki cika kwanon da kayan lambu da nama, tfayar nan mai zuma kuma ki bar wa jikoki. Ki koma wajen likitan naki ki tambaye shi adadin da ya dace da ke. Wanda alkama ba ta karɓe shi ba shi ma ya kiyaye.

Tambaya: Ke Rabi, duk wannan dogon Larabci da kike yi ai burabusko ne da dashishi aka sa wa rawani. Mu da muka tashi da gero mi za a nuna muna? Baba Alhaji, tsohon direban Agadas zuwa Tamanrasat.

Amsa: Ranka ya daɗe Baba, ban ƙi taka ba ko kaɗan. A watan Disamba na 2020 ƙasashe huɗu, Aljeriya da Maroko da Tunusiya da Muritaniya, suka haɗu UNESCO ta rubuta musu kuskus a matsayin gadonsu tare, kuma sun cancanta, tun ƙarni na 13 ake samun bayanin dafa shi a rubuce a wajensu. Amma Ibn Battuta da ya ratso ƙasar Mali a 1352, kafin ya biyo ta Takedda a ƙasarmu, ya tarar ana yin kuskus da acca a wannan gefen hamada. Ƴan Senegal har gobe da gero suke nasu, cere, suna cuɗa shi da garin kuka don ya yi santsi, shi suke ci daren cika-ciki. Don haka in Hajiya ta ɓarza gero ta turara sau uku ta zuba masa wannan romon na Maroko, ni dai na ci kuma na ƙara, sai dai gero ya fi alkama shan ruwa da son daɗewa a kan wuta.

Kuma tunda ka yi Tamanrasat na san ka ci masfuf, wanda ƴan Aljeriya ke yi da sahur, kuskus da man shanu da zabibi ko ɗanyen fis, a kora da nono mai tsami. Ka ce ba dambu da nono ba ne in ji. Ka sa a rage maka na Juma'a a turara da safe, a kawo kindirmo mai sanyi, in ka gama ka aiko mani saƙo, amma da rana Baba, ba tsakar dare ba.